Digiri na Biyu da na Uku a Fannin Firagmatik: Me Ake Karantawa, Kuma Wa Yake Amfana?

Tun da manhajojin kwamfuta masu hira da mutum suka bazu, musamman bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, wata tsohuwar tambaya ta sake tasowa da ƙarfi: me zai sa mutum ya kwashe shekara biyu, ko biyar, yana neman digiri na biyu ko na uku a kimiyyar harshe, alhali na'ura tana fassara, tana gyara nahawu, tana rubuta wasiƙa cikin ƙiftawar ido? Idan ɗalibin ya ƙara da cewa reshen da ya zaɓa shi ne firagmatik, sai ka ga an yi masa kallon rashin fahimta. Wani ya tambaye shi harsuna nawa yake ji, wani ya ɗauka koyon iya jawabi a gaban jama'a ya tafi yi. Duk ba haka abin yake ba, kuma rashin fahimtar bai tsaya ga 'yan kallo ba. Akwai masu cike takardar neman gurbin karatun da su ma ba su san ainihin abin da za su tarar ba.

Mene ne ake nazari a ciki?

Kimiyyar harshe tana da rassa. Akwai mai nazarin furuci da tsarin sauti, akwai mai duba ƙirar kalma, akwai ginin jimla, akwai ilimin ma'ana. Ilimin ma'ana yana tambayar abin da kalma ko jimla take nufi ita kaɗai, ko wa ya faɗe ta. Firagmatik kuwa tambayarsa ita ce: me wannan mutum yake nufi da ya faɗi wannan magana, ga wancan mutum, a wannan lokaci, kuma ta yaya mai sauraro ya gane?

Baƙo ya zauna a ɗaki ya ce, "Kai, akwai zafi yau." Mai ɗakin ya tashi ya buɗe taga. Babu kalmar taga a cikin jimlar, babu umarni, babu roƙo, amma saƙon ya isa. Malami ya ce, "Wasu daga cikinku sun ci jarrabawa." Kowa a ajin ya san akwai waɗanda suka faɗi, alhali bai faɗa ba, kuma da a ce duka suka ci, jimlar ba za ta zama ƙarya tsagwaronta ba. Lauya ya tambayi mutum, "Yaushe ka daina karɓar kuɗi a hannunsa?" Ko wace rana ya ambata, ya riga ya amsa cewa yana karɓa a da, domin an cusa zargin a ƙarƙashin tambayar. Ka tsinci takarda a ƙofar ofis an rubuta "Zan dawo nan gobe", babu suna, babu kwanan wata. Kowace kalma ka san ta, amma ba ka san wa zai dawo ba, ba ka san wace goben ba.

Waɗannan misalai huɗu su ne kusan ginshiƙan fannin: aikin da magana take yi, abin da ake fahimta ba tare da an furta ba, abin da magana ta ɗauka tamkar an riga an yarda da shi, da kalmomin nuni waɗanda ba su da ma'ana sai an san mai magana da wuri da lokaci. Sai kuma ladabin zance, da tsarin hira, wato yadda mutane suke karɓa-karɓa ba tare da wani ya raba musu lokaci ba.

Mai jin Hausa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan nauyin wannan abu. "Na zo", "Ai na zo", "Na zo fa", "Na dai zo", "Ni kam na zo": labarin ɗaya ne, mutum ya zo. Amma ɗaya amsa ce ga mai musu, ɗaya jan hankali ce, ɗaya tana ɗauke da rashin gamsuwa, ɗaya tana ware mai magana daga waɗanda ba su zo ba. Ƙaramin yaro yana sarrafa su daidai, babban malami kuma zai yi gumi kafin ya rubuta ƙa'idar da ke bambanta su. Rubuta irin wannan ƙa'ida, da kawo hujjar da za ta tsaya a gaban masana, shi ne aikin da ake ba da digiri a kansa.

Daga ina fannin ya fito?

Masana falsafa ne suka haife shi, kafin masana harshe su karɓe shi. A 1938 Charles Morris, Ba'amurke, ya raba nazarin alamomi gida uku: dangantakar alama da alama, dangantakar alama da abin da take nunawa, da dangantakar alama da mai amfani da ita. Na ukun shi ne firagmatik. Sunan ya daɗe a ajiye kafin a cika shi da aiki.

J. L. Austin na Jami'ar Oxford ya gabatar da jerin laccoci a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1955, aka buga su a 1962 bayan rasuwarsa. Abin da ya lura da shi mai sauƙi ne, amma ya sauya alƙibla: akwai maganganun da ba labari suke bayarwa ba, balle a ce gaskiya ne ko ƙarya. Wanda ya ce "Na yi alkawari" ko "Na yafe maka" aikata abin yake yi da bakinsa. Kuma aikin yana da sharuɗɗa. Alƙali a kan kujerarsa idan ya ce "Na sallame ka", an sallami mutum. Ɗan kallo ya faɗi kalmomin nan, babu abin da ya faru. John Searle, wanda ya yi karatu a Oxford a zamanin Austin, ya tsara wannan tunani a littafinsa na 1969, daga baya ya kasa ayyukan magana kashi biyar: bayyana yadda abu yake, neman a yi wani abu, ɗaukar wa kai nauyi, bayyana abin da ke zuciya, da ayyana abu ya tabbata.

Sai Paul Grice, wanda ya yi nasa laccocin a Harvard a 1967, aka buga muhimmin sashensu a 1975. Shi ya kawo bayanin da har yau ake kokawa da shi. Ya ce masu hira suna ɗaukar juna a matsayin masu haɗin kai: ana sa ran mai magana zai faɗi gaskiya, zai faɗi daidai gwargwadon abin da ake buƙata, zai tsaya kan abin da ake ciki, zai yi bayani a fili. Idan ya kauce wa ɗaya daga ciki da gangan, mai sauraro ba ya cewa ya haukace, sai ya nemi dalili. Misalinsa shi ne malamin da aka nemi ya rubuta wa ɗalibinsa takardar shaida don neman aikin koyar da falsafa, sai ya rubuta cewa ɗalibin ya iya Turanci kuma ba ya fashin aji, ya sa hannu. Bai kushe shi da kalma ɗaya ba, amma duk wanda ya karanta ya san an kushe shi.

A lokacin da nazarin ginin jimla yake tashe, masana harshe da yawa sun mai da firagmatik wurin jefa duk abin da ya gagari ƙa'ida, har Yehoshua Bar-Hillel ya yi rubutu a 1971 yana kokawa da yadda aka mai da shi kwandon shara. Daga nan abubuwa suka sauya da sauri. Mujallar fannin ta fara fita a 1977, littattafan koyarwa na Stephen Levinson da na Geoffrey Leech suka fito a 1983, aka kafa ƙungiyar masana fannin ta duniya a 1986 mai mazauni a birnin Antwerp na Beljiyam. A shekarar 1986 ɗin ce kuma Dan Sperber da Deirdre Wilson suka fitar da ra'insu, wato tsarin bayaninsu na yadda ake fahimtar magana, wanda ya dunƙule ƙa'idojin Grice zuwa guda ɗaya: ƙwaƙwalwa tana neman fassarar da ta fi amfani da mafi ƙarancin wahala.

Ina ruwan wanda ba ɗalibi ba?

A nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. A 1966 an yi wa wani furodusan fina-finai, Samuel Bronston, tambayoyi bisa rantsuwa a Amurka, a shari'ar karyewar kamfaninsa. Lauya ya tambaye shi ko yana da asusu a bankunan Siwizalan, ya ce a'a. Aka ce, ko ka taɓa samu? Sai ya amsa cewa kamfanin ya taɓa riƙe asusu a can, a birnin Zurich, na kimanin wata shida. Maganar gaskiya ce. Abin da bai faɗa ba shi ne shi kansa ya riƙe asusu a birnin Geneva na Siwizalan kusan shekara biyar. Duk mai sauraro zai fahimci cewa shi ba shi da asusu, kamfani ne ke da shi. Aka same shi da laifin rantsuwa kan ƙarya, amma a 1973 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke hukuncin baki ɗaya. Ta ce amsar da take gaskiya a lafazi ba ta zama rantsuwar ƙarya ko da ta ɓatar da mai sauraro, kuma aikin lauya ne ya lura an zille masa ya sake tambaya. Ko ka yarda da hukuncin ko ba ka yarda ba, 'yancin mutum ya rataya a kan tazarar da ke tsakanin abin da aka furta da abin da aka fahimta. Irin wannan tazara ce ake jayayya a kanta a shari'o'in barazana, da ɓata suna, da tayin cin hanci, inda mai laifi kan ce, "Ni ban faɗi haka ba."

A watan Janairu na 1990 jirgin kamfanin Avianca da ya taso daga Kolombiya ya faɗi kusa da birnin New York bayan mansa ya ƙare, mutum 73 suka mutu. Matuƙan sun gaya wa masu kula da zirga-zirgar jirage cewa mai yana ƙare musu, sun kuma nemi a ba su fifiko wajen sauka. Amma ba su furta kalmar ayyana halin gaggawa da tsarin aikin ya tanada ba, waɗanda ke ƙasa kuma ba su ɗauki maganar da nauyin da matuƙan suke nufi ba. Haɗarin yana da dalilai da dama, ciki har da yanayi da dogon jira a sama, amma binciken hukuma ya sanya gazawar isar da saƙon a cikin manyansu.

Misali na uku ya fi kusa da kowa. A wani bincike da John Heritage da abokan aikinsa suka buga a 2007, an sa likitoci a Amurka su tambayi marasa lafiya ko akwai wata damuwar da suke son a duba ban da wadda ta kawo su. An yi tambayar iri biyu, bambancinsu kalma ɗaya ce ta Turanci: ɗaya tana karkata ga amsar "babu", ɗaya tana buɗe ƙofar "akwai". Ta biyun ta rage damuwoyin da marasa lafiya ke komawa gida da su ba tare da sun faɗa ba da kashi 78 cikin 100, kuma ba ta tsawaita ganin likita ba. Ta farkon kusan ba ta sauya komai ba. Wanda ya taɓa fitowa daga wurin likita yana cewa a ransa "ban ma faɗa masa ɗayan ciwon ba" ya san darajar wannan sakamako.

Inda masana suka raba gari

Babbar gardamar ita ce: waɗannan ƙa'idoji na 'yan Adam ne duka, ko kuwa ɗabi'ar masu Turanci ce aka yi wa rawani? Elinor Ochs Keenan ta buga nazari a 1976 kan wani ƙauye a Madagaska, inda ta tarar mutane sukan riƙe bayani da gangan ko da sun san shi, domin sabon labari abu ne mai daraja, kuma ana gudun ɗaukar alhakin magana. Ta ce sharaɗin Grice na faɗin gwargwadon abin da ake buƙata ba ya aiki a can yadda aka zata. Magoya bayan Grice suka amsa cewa riƙe bayanin ba zai zama abin lura ba in da ba a sa ran bayarwa tun farko.

Haka aka yi da ra'in ladabi na Penelope Brown da Levinson, wanda ya fito a 1978 aka sake buga shi a 1987. Sun gina shi a kan harsuna uku: Turanci, da Tamil na kudancin Indiya, da Tzeltal na Meziko. Sun ce kowane mutum yana da mutunci iri biyu da yake karewa, son a yaba masa da son kada a takura masa, kuma ladabi dabara ce ta rage zafin maganar da za ta taɓa ɗayansu. Masana daga Japan, irin su Sachiko Ide, suka ce yawancin ladabinsu ba dabarar da mutum ke zaɓa ba ce, sanin matsayi ne da harshen kansa ya wajabta. Onuigbo Nwoye ya nuna a 1992 cewa a wurin masu magana da Ibo mutuncin jama'a yakan rinjayi na mutum ɗaya, har roƙon da ra'in ya ɗauka takurawa ce ba a jin sa a haka.

Masu cewa ƙa'idojin na 'yan Adam ne duka ma suna da hujja mai ƙarfi. Wani bincike da Tanya Stivers ta jagoranta a 2009 ya auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna goma daga nahiyoyi daban-daban. A dunƙule tazarar ta kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Masu Japananci sun fi sauri, masu harshen Denmak sun fi jinkiri, amma duk bambancin bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma ko'ina amsar "e" ta fi ta "a'a" saurin fita. Ni dai ina ganin akwai tushe guda da 'yan Adam suka yi tarayya a kai, sai dai ba a san iyakarsa ba tukuna, domin cikin harsuna kusan 7,000 da ake da su ƙalilan ne aka naɗi hirarsu aka yi mata nazarin ƙwaƙƙwafi.

Akwai kuma rabuwar da ta shafi mai neman gurbi kai tsaye. Sassan da ke bin al'adar Ingila da Amurka sukan ɗauki firagmatik a matsayin reshe mai iyaka, maƙwabcin ilimin ma'ana, kuma a wasunsu ɗalibi zai sha mantiƙi da alamomin lissafi. Al'adar nahiyar Turai kuwa tana ɗaukarsa mahanga ce mai faɗi da ta haɗa harshe da zamantakewa da al'ada da iko. Suna ɗaya ne a takardar talla, karatun ya sha bamban.

Yadda karatun yake, da inda yake lalacewa

Digiri na biyu yakan ɗauki shekara ɗaya a Birtaniya, shekara biyu a yawancin ƙasashen Turai da wasu wurare: darussa, sannan kundi. Na uku shekara uku zuwa huɗu ne a tsarin Birtaniya, inda bincike ne kusan zalla, a Amurka kuwa yakan kai biyar ko fiye domin ana farawa da darussa da jarrabawar cancanta. Bambancin gaske yana cikin abin da ake nema. A na biyu ana son ka nuna ka iya riƙe ra'i ka yi aiki da shi. A na uku ana son ka ƙara wani abu da ba a sani ba, ka kare shi a gaban mai jarrabawa na waje.

Kashin bayan kundi shi ne bayanan da aka tattara. Wasu suna naɗar hira ta haƙiƙa su rubuta ta da alamomin da Gail Jefferson ta tsara, inda ake nuna shiru da tsawonsa, da cin karo, da jan numfashi. Aiki ne mai cin rai, minti kaɗan na hira yakan cinye awoyi. Wasu suna amfani da rumbun rubutu na kwamfuta, wasu suna gwaji a ɗakin bincike. Akwai kuma takardar tambayoyi da ake ba mutum wani yanayi a ce ya rubuta abin da zai faɗa. Tana da sauƙi, shi ya sa ɗalibai ke rububinta, amma abin da take kamawa shi ne abin da mutum yake zaton zai faɗa, wanda sau da yawa ya fi abin da yake faɗa tsafta. Naɗar murya kuma tana buƙatar izinin masu magana, kuma da zarar sun san ana naɗa sai harshensu ya gyaru, matsalar da William Labov ya yi bayaninta tun 1972.

Abin da yake damuna shi ne wani nau'in kundi da ya yi yawa. Ɗalibi ya ɗauko jawabin wani shugaba ko wani littafin adabi, ya ɗauko kason Searle guda biyar, ya bi jimla-jimla yana liƙa musu suna, ya ƙirga, ya zana jadawali, ya kammala da cewa shugaban ya fi yin alkawari. Na gaba ya canza shugaba ya maimaita. An ci jarrabawa, amma ra'in bai gamu da wata jarrabawa ba, domin tun farko ba a ba shi damar faɗuwa ba. Wannan ya fi ciwo ga ɗalibin da ya tashi da harshen da ba a yi wa nazari sosai ba, don yana riƙe da abin da manyan masana suke nema ruwa a jallo. Dubi abin da Philip Jaggar da Malami Buba suka nuna a 1994: "nan" da "can" a Hausa ba biyu ba ne, huɗu ne, karin sauti ke raba su, kuma ɗaya daga ciki tana nuna wurin da ke kusa da mai sauraro, ba mai magana ba. Wannan ya fito ne daga sauraron harshen da kunnen basira. Keenan da Ide da Nwoye ma ana ambatonsu har yau saboda sun kawo abin da ra'in ya kasa haɗiyewa.

Batun na'ura da batun aiki

Ba gaskiya ba ne a ce manhajojin hira ba sa gane habaici ko roƙo a kaikaice. Suna gane da yawa, musamman a harsunan da ke da tarin rubutu. Amma daga rubutu suka fi koyo, alhali yawancin hirar ɗan Adam ba a rubuce take ba, kuma shiru da karin murya da sanin wa ya girmi wa ba sa fitowa a shafi. A harsunan da rubutunsu ya yi ƙaranci, na'ura takan kawo jimla mai kyan nahawu wadda ladabinta na wani harshe ne. Gano irin wannan kuskure da bayyana dalilinsa aikin wanda ya karanci firagmatik ne.

Kada dai a ruɗi kowa. Guraben koyarwa a jami'a ba su kai yawan masu digiri na uku ba, kuma digirin shi kaɗai ba ya mai da mutum mai gyaran magana a asibiti ko ƙwararren shaida a kotu, waɗannan suna da nasu horo da sharuɗɗa. Waɗanda suka fi samun hanya su ne masu haɗa shi da wata ƙwarewa: ƙididdiga, ko rubuta manhaja, ko tafinta, ko koyar da harshe na biyu. A wannan na ƙarshen, Jenny Thomas ta nuna tun 1983 cewa baƙon da ya yi kuskuren nahawu ana yi masa uzuri, wanda ya iya nahawu amma ya yi roƙo ba yadda aka saba ba kuwa sai a ce ba shi da tarbiyya.

Don haka mai niyyar nema ya fara da malamin da zai duba aikinsa kafin sunan jami'a. Ya karanta maƙala biyu ko uku da malamin ya buga a 'yan shekarun nan, ya duba kundayen ɗaliban da suka gama a hannunsa, ya ga ko daga hirar mutane aka ɗebo bayanansu ko daga jadawalin liƙa suna. Ya tambaya ko sashen yana koyar da dabarun bincike da ƙididdiga, ko yana da kwamitin da ke ba da izinin naɗar murya, ko akwai tallafin fita tattara bayanai. Sannan ya je da tambaya guda ƙarama wadda shi kansa bai san amsarta ba, kamar abin da "dai" take yi idan ta zo a amsar tambaya, da 'yan mintoci na hirar da ya naɗa da izinin masu ita.